Yadda Katin Kanti Ya Kusa Cinye Keken Ɗinkin Matata

Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a mujallarka in sauke wani abu da na daɗe ina ɗauke da shi. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, domin wasu daga cikin mutanen sun riga mu gidan gaskiya, waɗanda suka rage kuwa har yanzu ba su gaji da yi mini dariya ba.

A shekarun da aka canja mana kuɗi daga fam zuwa naira, ni matashin magidanci ne, malamin gona, haifaffen Gaya. An tura ni aiki ƙasar Ajingi, na zauna a Toranke. Aikina shi ne in zaga gonaki in koya wa mutanen da suka shekara arba'in suna noman gyaɗa yadda ake noman gyaɗa. Sukan saurare ni da haƙuri, su yi mini godiya, in na juya baya su ci gaba da yadda suka saba. Biro uku nake jerawa a aljihun gaba, ɗaya ne kawai ke rubutu. A garin na yi aure, na auri 'yar wani dattijo manomi mai ƙarancin magana, wanda tun daga nesa in na hango shi nake tuɓe takalmi. Matata tana da keken ɗinki na hannu da ta saya da guminta, kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa na shekara uku da akuya biyu. Tunda yanzu ɓoyewa ba ta da amfani, bari in faɗa: albashina yakan kai mu ashirin ga wata, daga nan keken nan ne ke ciyar da mu har a sake biya. A lokacin ko a zuciyata ban taɓa yarda da haka ba.

Sai aka yi wa ma'aikata ƙarin albashin nan da kowa ya ji labari, har da ariyas na watannin baya. Ranar da ma'aji ya ƙirga mini nawa a Gaya ban zame ko'ina ba sai Kano, na dawo a kan jan babur sabo fil. Sau biyu yashin hanya ya kayar da ni kafin in iso, amma da zan shiga gari sai na kakkaɓe riga na zauna daram. Murnar ba ta cika wata biyu ba kasuwa ta rama. Kananzir ya tashi, sabulu ya tashi, sukari da gishiri da ashana suka bi sahu. Hatta tsohuwar da ke kawo mana daddawa sai da ta ƙanƙance mulmulenta, da matata ta yi magana ta ce ai ta ji a rediyo an ƙara wa mijinta kuɗi. Kuɗin cefanen da a da yake kai mu ashirin ga wata ya koma yana ƙarewa a sha biyar, ga kuma babur da ya zo da nasa cikin, kullum yana neman fetur.

A cikin wannan hali ne na faɗa hannun wani kanti a Gaya. Kantin na wani attajiri ne mazaunin Kano da ba mu taɓa gani ba, akawunsa ne ke tsare da shi. Akawun nan mutum ne mai tabarau da fara'a, ya iya gaisuwa har sai ka ji kamar kai ne ka gina kantin. Wata ranar albashi ya ja ni gefe ya ce maigidansa ya fito da wani tsari na manyan ma'aikata kawai. Ina jin haka kaina ya kumbura. Ya fito da wani kati shuɗi mai kauri, da lamba da tambari da wurin rubuta suna. Ya ce kana nuna shi ka ɗauki duk abin da kake so, a rubuta a littafi, in wata ya ƙare ka biya abin da ya sauƙaƙa. A bayan katin akwai ƙananan rubutun Turanci layi-layi, ya tambaye ni ko ya fassara mini. Akwai malaman makaranta biyu tsaye a kantin suna jinmu, saboda haka na ce masa ai ni da Turanci mun saba. Na juya katin, na gyaɗa kai sau biyu kamar mai karatu, na zaro biron da ke rubutu na sa hannu. Ko layi ɗaya ban karanta ba.

Saura abu ɗaya, in ji shi, sai an rubuta wata kadara a matsayin jingina, don cika ƙa'ida kawai, ba a taɓa karɓe ta kowa ba. Yana faɗa yana leƙen babur ɗina da ke jingine a ƙofa. Nan take na ce masa akwai keken ɗinki a gidana. Rasidin keken yana cikin akwatina, domin tun ranar da matata ta tare ta ba ni ajiyarsa, ta ce takarda sai mai ilimi. Mako na zagayowa na kai masa, ya jefa a durowa ya kulle. Edita, duk abin da zan ba da labari bayan wannan wauta ce, amma wannan laifi ne, kuma tun ina miƙa takardar na san laifi ne.

Ranar farko na dawo gida da kwali ɗaure a bayan babur, cike da sukari, madarar gwangwani, ganyen shayi, sabulun wanka mai ƙamshi da galan na kananzir. Da an bar ni a nan da da sauƙi, amma bakina bai bar ni ba. Bayan la'asar, a gindin darbejiyar ƙofar masallaci inda ake zaman hira, na zaro katin kamar ba da gangan ba. Ya zaga hannu-hannu, kowa na shafa tambarin. Na bayyana musu cewa mu yanzu mun wuce taɓa kuɗi, takarda kawai muke nunawa. Wanzamin garin ya tambaya, to wa ke biya? Na yi murmushi na ce wannan tsakaninmu ne da manya. Surukina yana can gefe a kan buzunsa yana jan carbi, bai ko ɗago kai ba. Da na koma gida matata ta yi mini irin wannan tambaya, ita ma na ba ta irin wannan amsa.

Wanda ya zauna a ƙauye ya san sautu. In za ka kasuwa ko birni, maƙwabta sukan kawo maka kuɗi ƙulle a tsumma, wannan ya ce sayo mini gishiri, wancan ya ce allura, ka sayo ka kawo da canjinsu. Ba a ƙin karɓar sautu, musamman ga mai abin hawa. Tun da na sayi babur nake ɗaukar sautun rabin gari, kuma ban taɓa jin nauyinsa ba. Amma daga ranar da na yi wancan jawabi a gindin darbejiya, sai sautu ya ci gaba da zuwa, ƙullin tsumma ya daina zuwa. Mutum zai tare ni da safe ina ɗumama babur, ya gaishe ni, ya ce Malam in ka je a nuna takardar nan a karɓo mini ashana, ya juya ya tafi hannu a baya. Ni kuma da wane baki zan kira shi in ce ina kuɗin?

Da ashana aka fara, aka koma gishiri da sabulu. Kafin damina ta tsaya an kai ga batir da lagwani da ƙwan fitila. Ladan ya ce tocila, don yana taka ƙaya da asuba. Wanzami ya ce almakashi da madubi. Wata tsohuwa ta aiko a tambaye ni ko takardar tana aiki a kan tunkiya, na ce ba a kai ga wannan ba tukuna, ta ce to a karɓo mata bargo kafin a kai. Surukina kuwa ba ya yi mini magana kai tsaye, saboda kunyar da ke tsakaninmu. Ta bakin 'yarsa saƙonsa ke zuwa: Baba ya ce buta, Baba ya ce takalmin roba, Baba ya ce darduma. Nasa ne nake fara ɗauka, in zaɓi mafi tsada, don ya san 'yarsa ba ta faɗa hannun banza ba. In na shigo gari da yamma babur ba ya ko ganuwa saboda kaya, mata na leƙowa ta katanga, ni kuma ina danna oda ba gaira ba dalili. Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗin wannan lokaci ƙwarai.

Ƙarshen wata na farko na je biya da lissafina a kai, kayan naira goma sha takwas. Akawu ya buɗe littafi, ya gyara tabarau, ya ce ashirin da uku. Na ce a ina biyar ta fito? Ya lissafa mini cikin ladabi: akwai kuɗin kati na kowane wata, akwai kuɗin tawada da littafi, akwai kuɗin tambari da ake bugawa duk ranar da na ɗauki kaya. Ya ce ai duk suna bayan katin da na karanta. Na ce haka ne, na tuna. Na biya goma na ce saura wata mai zuwa. Wata mai zuwa sai na tarar da wani sabon baƙo a littafin wai shi kuɗin haƙuri. Na rage murya na tambaye shi, wannan ba riba ba ce? Ya dafe ƙirji.

"Allah ya kiyaye, Malam, mu ba ma cin riba. Haƙurin da muka yi da kai ne kake biya."

A wata na uku ne na gano babban ramin. Ashe ba farashin ranar da ka ɗauki kaya ake bi ba, farashin ranar da ka zo biya ake bi. Sabulun da na ɗauka tun kafin shuka, wanda tuni aka wanke kaya da shi aka zubar da kumfar, yana nan a littafi yana ƙara tsada duk lokacin da sabulu ya tashi a Kano. Kananzir ɗin da ya ƙone tun tuni shi ma yana girma. Sai in biya goma, in dawo in tarar an ƙara sha biyu. Sau biyu kuma aka ƙara kuɗin katin kansa, akawu ya ce takarda ta yi tsada. Duk ranar da na fito daga kantin nan nakan tsaya a bakin hanya in juya katin in karanta bayansa, yanzu kam da gaske, in tarar komai yana nan a rubuce yadda ya faɗa.

Maimakon in buɗe baki, sai na koma gida na ɗora wa iyalina tsimi. Na fara raba ƙwayar sukari biyu da wuƙa. Na ƙirga ashana na rubuta adadinta a bayan kwali. Na kafa dokar kashe fitila da an idar da sallar isha'i, na ce likitoci sun gano hasken kananzir yana ɓata ido. Nama ya koma sai Juma'a, daga baya Juma'ar ma ta koma ta ganin dama. Ka duba wannan hali: mutumin da ke shigowa gari da madara da bargunan jama'a a bayan babur, a gidansa ana shan koko ba sukari. Matata kuwa, ƙarar kekenta da a da take tsayawa da azahar ta koma har magariba. Sau uku a cikin watannin nan ta tambaye ni, tana kallon ɗinkinta ba ni ba, ko da gaske katin nan ba a biyansa. Sau uku na ce mata ba a biya, harkar ofis ce, ba za ta gane ba.

Na gwada dabaru. Na je wurin wanzami da niyyar in zagaya in zagaya har in iso kan kuɗin almakashi. Na fara da tsadar rayuwa, ya ce wallahi kuwa, ai da ba don irinku ba da talaka ya mutu. Ya zaunar da ni ya yi mini aski kyauta da almakashin nawa, na tashi da sabon sautun man shafawa. Na ce babur ya lalace, aka samo mini mai gyara daga Ajingi, na biya shi ya gyara abin da bai lalace ba. Daga ƙarshe na cusa katin a cikin jinkar rumbu na sanar cewa ya ɓace. Gari ya ɗauka da zafi. Aka yi cigiya a masallaci, aka bi hanyar gona ana tona yashi, mutane suka riƙa zuwa yi mini jaje. A rana ta uku, zaure cike da masu jaje, matata ta yi sallama daga bakin ƙofar cikin gida ta miƙo hannu ta bayan asabari, ta ce a ba Malam, kaza ce ta tono shi. Aka yi ta hamdala. Har yau ban ga kazar da ke hawa jinkar rumbu ta zaro takarda ba, amma na karɓa na yi godiya tare da kowa.

Wata bakwai ana cikin haka. Saura mako biyu Ƙaramar Sallah, ranar kasuwar Ajingi, ina tsaye wajen masu tattasai ina cinikin na kwabo biyar, sai na ji an dafa ni. Akawu ne, da fara'arsa yadda take. Bayan doguwar gaisuwa ya ce maigidansa ya duba littafi, bashina ya wuce iyaka, ya kai naira ɗari da tamanin da 'yan kai, wato ya fi albashina na wata biyu. Ya ce in ban biya duka ba nan da kwana bakwai, za su zo da mota su ɗauki keken. Na tuna masa ya ce ba a taɓa karɓe na kowa ba. Ya ce gaskiya ne, ni ne zan zama na farko, kuma shi kansa abin bai yi masa daɗi ba. Na dawo gida ban san ta inda na bi ba, tattasan ma a can na bar shi.

Kwana biyu ina juya maganar. A rana ta uku da hantsi na shiga na same ta a tsakar gida ƙarƙashin rumfa, kayan sallar mutane tsibi a gefenta, azumi a bakinta, tana juya keke. Na tsuguna a gabanta, abin da ban taɓa yi ba, na ce mata katin nan fa biyansa ake yi, kuma bashi ya yi mini katutu. Ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshen layin da take ɗinkawa, ta yanke zare. Sannan ta dube ni ta fashe da dariya, irin wadda mutum ya daɗe yana riƙewa. Ta shiga ɗaki ta janyo wata babbar kwalla daga ƙarƙashin gado, ta buɗe a gabana. Cike take da ƙullin tsummoki.

Ashe babu ko mutum ɗaya mai hankali a Toranke da ya yarda da jawabina. Ranar da na yi shi, ina barin gindin darbejiya, surukina ya ajiye carbi ya ce wa jama'a shi ya shekara talatin yana karɓar kuɗin gyaɗa tun kafin kaka a hannun masu saye, bai taɓa ganin takardar da ke ba da kaya kyauta ba. Ya ce amma Malam yaro ne, baƙo ne, kuma yana son a ce ya wuce taɓa kuɗi, saboda haka kada wanda ya kunyata shi. Duk mai sautu ya faɗa wa Malam da baki, kuɗin kuwa ya ba matarsa ta kai wa matar Malam. Haka aka yi ta yi wata bakwai a bayan idona. Matata ba ta iya rubutun boko ba, amma ta san kowane ƙulli da mai shi, domin yawancin tsummokin ƙyallen rigunan da ita ta ɗinka musu ne. Ta riƙa ɗagowa tana faɗa: na ladan, na tsohuwa mai bargo, na Baba guda tara. Wanzami kaɗai da wasu mutum biyu ne suka zaɓi su yarda da ni.

Na ce mata, to me ya hana ki ba ni tun tuni?

"Sau uku na tambaye ka, Malam. Ka ce ba a biya. In ba ka kuɗin me?"

Kunya ta rufe ni, amma daɗi ya fi ta yawa. Muka zauna a kan tabarma muna kwance ƙulli, tana tsokanata da maganar kaza, ina dariya kamar ba ni ba. Da muka gama ƙirga sai dariyata ta tsaya. Naira casa'in da shida ne. Mutane sun biya kuɗin kayansu daidai, a farashin ranar da suka yi sautu. Abin da ya rage, kusan rabi, kayan gidana ne da kuɗin kati da tawada da tambari da haƙuri da tashin farashin wata bakwai, wato kuɗin shirun da na yi. Ta ce ba komai, a kai wannan, saura a riƙa biya a hankali, ga ɗinkin sallah ya kankama, keke zai fitar da mu kamar yadda ya saba. Ta faɗi haka tana shafa kan keken.

Nan ne dole ta sa na gaya mata sauran. Na ce ba za su karɓi rabi ba, kwana huɗu suka rage, kuma rasidin da ta ba ni ajiya yana durowar akawu. Ban taɓa ganin fuska ta canja kamar yadda tata ta canja ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta juya ta kalli ƙofar zaure inda jan babur yake jingine, na wanke shi da safen nan yana ƙyalli, sannan ta dawo da idonta kaina.

"Ba sa karɓar babur ne?"

Ta ɗauko zanen da take rufe keken da shi in dare ya yi, ta rufe shi da rana tsaka, ta tattara kayan mutane ta shiga ɗaki. Yinin ranar gidan ya yi tsit. Sai a ranar na lura cewa tun da na yi aure ban taɓa jin gidana ya yini babu ƙarar keken nan ba, kuma shirun ya fi mini zagi zafi.

Washegari da sassafe na hau babur zuwa Gaya, a hankali, ban danna oda ko sau ɗaya ba. Ɗaya daga cikin malaman makarantar nan biyu da na yi wa burgar Turanci shi ya sayi babur ɗin, da ragi mai ciwo, don ya ga na matsu. Na shiga kanti na zube kuɗin babur da na tsummoki a kan kanta. Akawu ya ƙirga, ya yaba mini, ya ce irina ake nema, har ya tambaya ko zan so a buɗe mini sabon shafi. Na ce a rufe. Ya ce to akwai kuɗin rufe kati, naira ɗaya. Na juya katin, yana nan a layin ƙarshe. Na biya, na karɓi rasidin keken, na sa a aljihun biro, na biyo motar gyaɗa ta sauke ni a hanya na ƙarasa a ƙafa.

Na miƙa mata takardar da hannu biyu. Ta duba ta gaba da baya, ta ninke, ta shiga ɗaki da ita. Can jimawa na ji keke ya tashi. Kashegari da na fito zan tafi gona sai na tarar da jakin surukina ɗaure a ƙofar gida, da akumari a bayansa. Saƙon ta bakin 'yarsa ya zo kamar kullum: Baba ya ce a hau a riƙa zuwa aiki, ba kuɗin haƙuri. Shekara ɗaya da rabi malamin gona yana zaga ƙasar Ajingi a kan jaki da biro uku a aljihu. Abin mamaki, a lokacin ne manoma suka fara saurarona da gaske. Sautu kuwa bai tsaya ba, sai dai ƙullin tsumma ya dawo hannuna.

Abin da ya sa na rubuto, Edita, yanzu ina ganin jikokina da katunansu na banki da bashin da ake ba su ta waya, kowa yana dangwala yarda bai karanta ba, kamar yadda na gyaɗa kai a kantin nan. Ina jan kunnensu da duk mai karanta wannan. Ka juya takarda ka karanta bayanta, in ba ka gane ba ka ce ba ka gane ba, ko da malamai goma ne tsaye a kanka. Ka tambaya nawa za ka biya in ka makara, kuma a farashin wace rana. In kaya sun yi tsada, ka gaya wa wadda kuke cin tukunya ɗaya da ita tun abin yana ƙarami, domin ni rabin bashina ba na kaya ba ne, na rufe baki ne. Mafi girma duka, kada ka jinginar da abin da ba naka ba don ka tsirar da naka.

Matata tana nan da ranta, idonta ya yi rauni, ta daina ɗinki, keken yana ɗakinta a rufe da zane. Ta yafe mini tun kafin waccan Sallar, kuma in jikoki suka taru ita ke fara ba da labarin kazar da ta hau rumbu. Tun daga lokacin na riƙe mata takardu iri-iri, na asibiti, na gona, na makarantar yara, duk suna akwatina. Rasidin keken nan kaɗai ne bai sake shiga ba. Yana ƙasan adakarta, makullin yana ɗaure a bakin zanenta, kuma ban taɓa samun ƙarfin halin tambayarta dalili ba.